Kuɗin Gwamnati Na Wane Ne? Haraji Da Baitulmali A Bakin Bahaushe



Da aka kawo mini takardar gayyata, na ga ana so in yi magana a kan haraji da yadda hukuma take kashe kuɗin jama'a, sai da na sake duba sunan da ke bayan ambulan, ko an yi ɓatan kai ne. Ni malamin Hausa ne, aikina kalmomi ne da yadda mutane suke sarrafa su. Amma da na zauna na yi tunani, sai na ga akwai ƙofar da ni ma zan iya shiga wannan zance ta cikinta, watau ƙofar harshe. Abin da al'umma ta ɗauki dukiyar hukuma yana nan kwance cikin sunayen da take kiran ta da su. Saboda haka abin da zan yi yau shi ne in bi sawun 'yan kalmomi kaɗan, haraji da jangali da baitulmali da kaso da romo, in ga inda za su kai mu.

Bari in fara da wani gwangwani. Bayan rasuwar kakana, da aka zo buɗe akwatinsa, an sami wani tsohon gwangwani an ɗaure shi da tsumma. Kowa ya zaci kuɗi ne. Da aka kwance, sai ga takardun haraji, na shekara da shekaru, an jera su bi da bi, wasu duk sun yi ja don tsufa. Mutumin nan bai iya karatun boko ba, bai san abin da aka rubuta a jikinsu ba, amma ya adana su kamar yadda ake adana takardar gona. Dalili kuwa shi ne, a zamaninsa wannan 'yar takarda ita ce shaidar mutum. In za ka ci-rani sai da ita, in ɗan doka ya tare ka a hanya ita zai tambaya. Kakana ya san ranar da ya biya, ya san nawa ya biya, ya san akuyar da aka sayar aka cika kuɗin. Ni jikansa, da na yi karatu har ƙasar waje, in kuka tambaye ni nawa na biya hukuma bara, albashi da sayayya da komai, sai na nemi alƙalami da takarda, kuma da ƙyar in kawo muku rabin lissafin. Tsakanin saninsa da rashin sanina, nan laccar tawa take.

Kalmar haraji ba Hausa ba ce asalinta. Daga Larabci muka aro ta, inda take nufin abin da ake biya a kan ƙasar noma. Amma ba Larabawa ne suka koya wa sarakunan Hausa karɓa ba, muna da namu sunaye tun da can: kuɗin ƙasa, kuɗin shuka, kuɗin rafi, kuɗin karofi, kuɗin fito, gaisuwa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, shi ya fara karɓar jangali daga Fulani. Ya kuma ba da labarin Sarki Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, wanda ya matsa wa kasuwar Kurmi da karɓa har ta kusa mutuwa, ya ɗora wa malamai ma biya, Larabawan birni suka tattara suka koma Katsina, talakawa suka watse ƙauyuka. Ga darasin farko ke nan, kuma marubucin tarihinmu ne ya rubuta shi: in karɓa ta yi yawa, abin da za a karɓa ɗin shi ne yake guduwa.

Tun kafin Kumbari ma, Shehu Maghili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafin nasiha a kan mulki, ya keɓe babi guda ga hanyoyin da ya halatta sarki ya tara dukiya, wani babin kuma ga hanyoyin da zai kashe ta. Ku lura da wannan haɗi. Malaminmu na farko a wannan fanni bai raba karɓa da kashewa ba. Haka kuma da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zo lissafa laifuffukan sarakunan Haɓe a cikin Kitabul Farƙi, ya kira su da sunayensu na Hausa, jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa, sa'an nan ya bayyana hanyoyin da shari'a ta yarda baitulmali ya samu, da wuraren da ya wajaba dukiyar ta tafi. Ashe ƙorafin haraji yana cikin abubuwan da suka tara wa jihadin 1804 jama'a, musamman makiyaya.

To, an yi jihadi, an kafa daula, haraji ya tafi? Bai tafi ba. Da Heinrich Barth, Baturen Jamus da ya yi yawo ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kowace rijiyar karofi kuma wuri 700, ga shi kuwa a birni kaɗai akwai karofi fiye da 2,000. Ban kawo wannan don in rage wa kowa daraja ba. Na kawo shi ne don mu ga cewa mai wa'azi yana iya ƙin haraji, amma ran da ya zama mai mulki sai ya tarar ganuwa tana son gyara, alƙali yana son abinci, dawaki suna son harawa. Ba a taɓa yin hukumar da ba ta karɓa ba. Abin tambaya kullum shi ne nawa, daga wa, kuma ina za a kai.

Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Gwamna Lugga bai daɗe ba ya gane cewa ba shi da kuɗin da zai riƙe ƙasa mai wannan faɗi, ba kuwa za a yi ta aiko masa daga Ingila ba har abada. Sai ya kama tsarin da ya tarar, ya gyara shi don amfanin kansa. Dokar 1906 ta nemi a haɗe ƙananan kuɗaɗen nan masu yawa su zama abu guda. Aka kawar da jakadu, aka fitar da hakimai daga birni aka ce kowa ya je ya zauna a gundumarsa ya tara. A ƙasar Kano aka sa malaman taki suna auna gonaki da ƙafa. Abin da aka tara kuwa a raba biyu, rabi na Gwamna, rabi na Sarki. Daga wannan rabi na Sarki ne aka haifi baitulmalin En'e. A Katsina aka fara gwada shi ƙarƙashin Palmer, zuwa 1911 ya bazu cikin manyan masarautu, daga baya kason waɗanda suka fi tsari ya hau har kashi 70 cikin 100. Sarki ya koma ɗan albashi, hakimi ɗan albashi, alƙali ɗan albashi, Ma'aji yana riƙe da littafi, Razdan yana duba shi.

Ina so in daɗe kaɗan a nan, don mutanen zamaninmu sun kasu biyu a kan En'e, kuma ina ganin kowane ɓangare rabin labarin yake faɗi. Masu yabo suna cewa ku dubi abin da baitulmali ya yi. Gaskiyarsu. Da kuɗin baitulmalin Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka jawo ruwan famfo daga Challawa aka kuma sa wutar lantarki a birni, aka buɗe aikin a 1931. Da shi aka gina asibitin birni, aka riƙe makarantun elementare da midil, da ɗakunan shan magani na ƙauye, da hanyoyin rani, da rijiyoyin siminti. Ba rancen Bankin Duniya, ba kuɗin mai. Gero ne da gyaɗa da shanu suka zama famfo. Masu suka kuma suna cewa ku tambayi wanda ya biya. Su ma gaskiyarsu. Haraji ana neman sa ne da kuɗin Bature, ba da dame ba, ana kuma neman sa da kaka, lokacin da kowa ya kai amfaninsa kasuwa farashi ya faɗi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manomi ya rungumi gyaɗa, ba don sha'awa kaɗai ba, har da don ita ce take kawo sulallan da dagaci yake jira. Wanda ya kasa biya a shanya shi a rana ƙofar fada, ko a kama akuyarsa, ko ya ci bashi da ruwa, ko ya gudu. Makiyayi kuwa ya ƙware wajen ɓatar da rabin garke cikin daji ran ƙirga. Sa'an nan kaso mai tsoka na abin da aka tara albashin sarakuna ne da hakimai da dogarai da gidan yari, ilmi da lafiya sai abin da ya saura. Ruwan famfon birni ya sha shi, mutumin ƙauyen da ya biya bai gan shi ba.

'Yan'uwanmu na Nijar nasu ya fi namu zafi. Can sunansa lanho, daga kalmar Faransanci, ga kuma aikin tilas a kansa, har garuruwa suka riƙa tsallako iyaka suna zama wannan gefe.

Akwai kuma wani haraji da ba a kira shi haraji ba. Hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949, wadda ta koma hannun Jihar Arewa a 1954, ita kaɗai take da ikon sayar da gyaɗa waje. Sai ta saya a hannun manomi da araha, ta sayar da tsada, rarar ta shiga ayyukan gwamnati. Dalar gyaɗar nan da muke sa hotonta a bango muna alfahari, tulin haraji ce wadda ba a ba kowa rasiɗinta ba. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Amma ga abin da nake so ɗalibai su lura da shi. Zafin haraji shi ya haifi siyasar talakawa a ƙasar nan. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, a wannan watan kuma aka kafa NEPU a Kano. Me ya sa manomin da bai taɓa shiga aji ba ya yarda a ɗaure shi saboda Malam Aminu Kano? Saboda ba ya bukatar a fassara masa zalunci, ya san shi a aljihunsa. Yana iya nuna wanda ya karɓa, ya faɗi adadi, ya ce to ina aikin? Mai biya yana da bakin tambaya. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, abin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka fara yi shi ne soke haraji da jangali, sauran jihohi suka bi. An yi murna, kuma murnar tana da dalili. Ni da ina da rai a lokacin da na yi guɗa tare da masu yi, ko da yake guɗa ba ta maza ba ce. A Nijar ma cikin shekarun nan na 1970, da kuɗin yuraniyam ya shigo, gwamnatin Seyni Kountché ta sauke wa manoma nasu.

Me ya ba gwamnatocin nan biyu damar yafewa? Kuɗin da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa. An sami mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, farashinsa ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974. Daga nan kogin ya juya. A da kuɗi daga ƙauye yake tasowa, ya bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi ya isa baitulmali. Yanzu daga sama yake sauka, daga Ikko, daga baya Abuja, ya biyo ta jiha, in ya rage ya isa ƙaramar hukuma. Kowane wata kwamishinonin kuɗi su taru a raba: Tarayya kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, bayan an cire wa jihohin mai kashi 13 da tsarin mulkin 1999 ya ba su. An yi ayyuka da kuɗin nan, kada a ce na musa. An yi madatsar Tiga zamanin Audu Baƙo, an buɗe ilmin firamare kyauta a 1976, an yi jami'o'i da tituna. An kuma yi ƙarin albashin Udoji, da jiragen siminti da suka cushe tashar Ikko a 1975 ana biyan su kuɗin jira.

Yanzu ku saurari yadda harshe ya bi kogin. Kakana cewa yake yi kuɗinmu, ko guminmu. Mu cewa muke yi kuɗin gwamnati, kamar gwamnati wata attajira ce mai gonarta daban. Abin da ya zo daga Abuja sunansa kaso, ko rabon arzikin ƙasa. Kalmar rabo kuwa a Hausa fuska biyu gare ta: akwai rabo na kasaftawa, akwai rabo na abin da Allah ya nufe ka da shi, wanda ba a tuhumar kowa in bai zo ba. Wanda ya sami muƙami a ce Allah ya kashe ya ba shi. Wanda ya riƙe ofis ya fito ba gida ba mota, danginsa ma sai su ce ba shi da wayo. In gwamna ya gina aji uku, sai ka ji a rediyo wai ya gwangwaje al'umma, ya yi musu sha-tara ta arziki, a tara masu kiɗa a yi godiya. Wa ya taɓa yi wa Ma'aji godiya don ya fito da abin da aka ba shi ajiya? Sunansa ma daga ajiya aka samo shi. Mafi ban mamaki a cikinsu ita ce romon dimokuraɗiyya. Duk wanda ya taɓa zama gaban kwano ya san romo ruwan nama ne. Mu da bakinmu muka yarda a ba mu romo, ba mu tambayi inda tsokar ta tafi ba.

Akwai wata 'yar ƙaramar kalma da ta fi waɗannan duka ɓarna, ita ce an. An ɗauke wuta. An kawo ruwa. An cinye kuɗin. Ba a biya albashi ba. Nahawun Hausa ya ba mu wannan hanya ta faɗin aiki ba tare da ambaton mai yin sa ba, kuma tana da amfaninta wajen kunya da ladabi, da ita mace take zancen mijinta, da ita yaro yake zancen babansa. Amma mun ɗauke ta mun kai ta inda ba a bukatar kunya. Kowace an a cikin jimlolin nan tana da ofis, tana da suna, tana da sa hannu a kan takarda.

Sai ku ce, to ai talaka ya huta, ba ya biya. Nan ne nake so ku tuna dalar gyaɗa. Talaka yana biya, rasiɗin ne ba ya gani. Tun watan Janairu na 1994 akwai harajin sayayya, wanda ake kira VAT, ya fara da kashi 5 cikin 100, ya koma 7.5 a 2020, yana cikin kuɗin katin waya da na sabulu da na siminti. Akwai kuɗin kwastan da ɗan kasuwa yake ɗora wa mai saye. Akwai tikitin kasuwa da na tasha da na kara, da shingayen da mai motar shanu yake tsayawa a kansu tun daga Maigatari har kudu, wasu na hukuma, wasu na wanda ya sami igiya da gungume. Jangali bai mutu ba, hanya ya koma. Bayan wannan kuma akwai abin da mutum yake biya don hukuma ba ta yi nata ba: kuɗin mai ruwa, kuɗin man janareto, kuɗin makarantar kuɗi, kuɗin 'yan sintiri, har a wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato kuɗin da 'yan bindiga suke yanka wa gari kafin a bar shi ya yi noma ko girbi. Mutanen wuraren nan da kansu haraji suke kiran sa. Ban san abin da ya fi wannan zama abin kunya ga hukuma ba, a ce kalmar da take tata ce ita kaɗai ta koma hannun ɗan ta'adda.

Lokacin da nake karatu a Ingila, takardar harajin gunduma takan zo gidan da nake haya kowace shekara. Ɗalibi ba ya biya, amma nakan karanta. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne an rubuta nawa ne zai tafi ga 'yan sanda, nawa ga 'yan kwana-kwana, nawa ga majalisar gari. Maƙwabciyata, wata tsohuwa, in motar shara ta yi latti kwana ɗaya sai ta ɗauki waya, tana magana kamar mai gida da ɗan aikinsa. Ba ta fi tsofaffinmu hankali ba. Takarda ce a hannunta, irin ta gwangwanin kakana, sai dai tata ta faɗi abin da za a yi mata.

Me ya sa zancen ya zama na gaggawa? Domin kogin da muka dogara da shi ya ja baya. Bisa lissafin Bankin Duniya, a 2022 fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya biyan bashi ya tafi. A shekarar nan tallafin man fetur ya ci fiye da naira tiriliyan 4, ya ɗara abin da Tarayya ta ware wa ilmi da lafiya in an haɗa su. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kason da jihohi suke karɓa kuwa ya ninka fiye da sau biyu a lissafin naira. Watau an ɗebo daga aljihun mai babur da mai injin ban-ruwa an zuba a asusun gwamnoni. In wannan ba haraji ba ne, ku ba ni sunansa. Kuma tun da haraji ne, mai biya yana da ikon tambaya.

Sa'an nan ga sababbin dokokin haraji. Da aka kai su majalisa a 2024 da shawarar a raba kashi 60 na kason VAT na jihohi bisa inda kuɗin ya fito, gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a watan Oktoba suka ce ba su yarda ba. Aka yi ta ja-in-ja, aka daidaita a kan kashi 50 daidai-wa-daida, 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi sayayyar, aka sa hannu ran 26 ga Yuni 2025. Dokar ta kuma yafe harajin albashi ga wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba. Ban ga laifin gwamna ya kare kason jiharsa ba, aikinsa ne. Abin da ya dame ni shi ne dalilin tsoron. A 2023 Jihar Legas ta tara fiye da naira biliyan 800 a cikin gida, Kano kuwa, garin Kurmi da Kantin Kwari da Dawanau, ba ta kai biliyan 50 ba. Lalle manyan kamfanoni da tashar jiragen ruwa suna Legas, ba a haɗa su. Amma ƙasar da ta jawo wa kanta ruwa da lantarki a 1931 da kuɗin gero ba ta da hujjar zama 'yar jiran kaso. Ɗan abin da jihohi suke tarawa ma, mafi yawansa harajin albashi ne, watau ku ma'aikata da ke zaune a nan, don ku ne ba ku da wurin ɓuya. Attajirin da ya fi ma'aikata ɗari samu sau da yawa sunansa ma ba ya cikin littafi.

To wa zai fara? Hukuma tana cewa ku biya mu yi aiki, jama'a suna cewa ku yi aiki mu biya. A ganina babu kokanto, hukuma ce za ta fara, don ita take riƙe da kuɗi a yanzu, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Muna da shaida a cikin harabar nan cewa mutane suna yarda da harajin da suke ganin aikinsa. Bayan yajin aikin ASUU na 1992 aka yi dokar harajin ilmi ta 1993, kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, wanda ya zama asusun TETFund a 2011. Ku fita ku duba gine-ginen jami'o'in ƙasar nan, ku ƙirga nawa ne suke ɗauke da sunansa. An san inda aka karɓa, an san inda aka kai, an rubuta a bango. Ku kwatanta da kuɗin ilmin firamare. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun Tarayya, da sharaɗin jiha ta kawo nata daidai da abin da za ta karɓa, amma shekara da shekaru biliyoyi suna kwance a Abuja don jihohi ba su kawo nasu ba, yara kuwa suna zaune a ƙasa.

Ga ma'aikata ina da roƙo ɗaya, kuma na harshe ne. Kasafin kuɗin jihohinmu da Turanci ake rubuta shi, Turancin ma irin wanda mai digiri sai ya yi da gaske. Mutumin da aka ce don shi aka yi kasafin ba ya iya karanta layi ɗaya. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. Ko ta hannun wa kuɗin ya biyo, adadinsa ba asiri ba ne, ana buga shi kowane wata. Me zai hana a rubuta shi da Hausa, da boko da ajami, a manna a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa da masallacin Juma'a, a karanta a rediyo: ga abin da ya shigo watan nan, ga na albashi, ga na rijiyar gari kaza, ga sunan ɗan kwangila, ga ranar gamawa? Ba ya bukatar sabuwar doka, dokar 'yancin samun bayanai tana nan tun 2011. Takarda ɗaya ce da mai fassara ɗaya. In mai fassarar ne babu, Sashenmu yana yaye su kowace shekara, da yawansu suna gida ba aiki, kuma na yi magana da 'yan ajina na ƙarshe, sun ce za su yi na wata shida kyauta ga duk ƙaramar hukumar da ta fara aiko da nata.

Shugaba, a nan zan dakata, a ba masu tambaya dama.